Ranar da Agwagin Fintan Suka Ƙi Tafiya

Mijin ƙanwata, Fintan Mulqueen, bai taɓa ɗaga buhu ba tun da aka haife shi, amma in ka ji yana ba da labarin tashar jiragen ruwanmu sai ka rantse shi ya haƙa ta da farcensa. Abu ɗaya ya gada na aikin dako: ɗan bajon tagulla na mahaifinsa, wanda bai fi maɓallin riga girma ba. A zamanin iyayenmu, in heluma ya fito da safe ɗibar masu sauke kaya, masu bajo ake fara kira, sauran su tsaya cikin ruwan sama suna jiran ragowa. Uba ke bar wa ɗansa bajon. To lokacin da bajon ya iso hannun Fintan, kwantena ta riga ta cinye aikin, sai ya ƙare a ɗakin gadi yana ɗaga wa motoci ƙarfen ƙofa har ya yi ritaya. Bajon dai kullum yana maƙale a ƙirjin kwat ɗinsa. Zan faɗi gaskiya ɗaya a kansa: duk ƙaryar da ke bakin mutumin nan, son da yake wa bajon ba ƙarya ba ne. Na ga kukan da ya yi ranar da tsohon ya danƙa masa shi a gadon asibiti.

Yanzu tashar ta koma unguwar benaye masu gilashi da samari masu yawo da kofi a hannu. Duk bazara ana bikin bakin ruwa, kyauta, kowa da kowa: makaɗa, masu sulu a kan ruwa, rumfunan abinci. Ni ina kafa motata ta kifi da soyayyen dankali a kusa da tsohuwar matakalar da ke gangarawa cikin ruwa. Abin da aka fi jira shi ne tseren agwagin roba. Kowa ya karɓi lambarsa, a zuba agwagin a kogi daga kan gada, ruwa ya ja su, wanda agwagwarsa ta fara tsallake igiya ya tafi gida da kwandon kayan daɗi.

Bana aka naɗa wa kwamitin bikin sabuwar shugaba, Orla, yarinya mai kirki amma ba 'yar unguwa ba. Ana saura mako ta tsaya a bakin motata tana kuka da cewa tseren yana kwashe jama'a zuwa kogi, a bar rumfuna wayam. Fintan yana gefe yana cin dankalin da ban ba shi ba.

"'Yata," ya ce, yana turo ƙirji don rana ta haska bajon, "me ya kai agwagi kogi, ga tafkin tashar a gabanki? A zuba su nan, a gaban jama'a."

"Mista Mulqueen, ai ruwan nan ba ya gudu."

"A idonki ke nan. Akwai wani ja a ƙarƙashi wanda masu bajo kaɗai suka sani. Da yamma in teku ta juya, sai ya taso daga wancan bangon ya miƙe ɗoɗar har matakalar nan. Na san ruwan nan kamar yunwar cikina."

Dessie Toal yana kan benci yana ba karensa fatar kifi. Shi ya yi dako na gaske, amma ubansa bai taɓa samun bajo ba, kuma Dessie bai taɓa yafe wa kowa wannan ba. Mutum ne mai riƙo, gaisuwarsa ma faɗa ce.

"Kyaftin na kan tudu," ya ce, "a tashar nan bakinka kaɗai ke gudu. An rufe ƙofar ruwan nan tun kana da gashi. Ga ƙwallo can a kusurwa tun Kirsimeti, ko gaba bai yi ba."

"Ƙwallo daban, agwagwa daban. Amma ina za ka sani? Irinku ai a bayan layi kuke tsayawa."

Dessie ya miƙe tsaye a hankali. "To mu sa wani abu. Ƙugiyar dakon ubana, da bajon ubanka. In ko agwagwa ɗaya ta tsallake igiya kafin ƙararrawar coci ta ƙarfe shida, ƙugiya taka ce. In ba haka ba, ka cire bajon nan ka maƙala mini shi da hannunka a gaban jama'a."

Na ce, "Fintan, baki shi ke yanka wuya. Haɗiye dankalinka ka tafi gida."

"Nuala, ke soya kifinki, ki bar wa maza maganar ruwa." Ya miƙa hannu, suka tafa. Orla kuwa tana ta kallon bajon kamar ta ga takardar shaida daga sama, ta ce za ta sanar da kwamiti.

Da Brid, ƙanwar tawa, ta ji labari, ba ta yi ihu ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Bajon Baba, Fintan? A kan agwagwar roba?"

"Ke dai ki nemo ƙusa. A saman talabijin zan rataye ƙugiyar."

Ranar biki gari ya yi kyau, jama'a ta cika bakin tashar maƙil. Aka ɗaure igiya mai jan tutoci daga wannan gefe zuwa wancan, dab da matakalata. Fintan ya iso da farar hular matuƙan jirgi da ya aro a shagon kayan wasan kwaikwayo, ya karɓe abin magana daga hannun mai sanarwa, ya ce yau za a ga tseren da ba a taɓa gani ba. Wannan kam ya faɗi gaskiya.

Wata motar tifa ta ja da baya zuwa bakin wancan bangon, ta ɗaga ƙeya, agwagi rawaya suka zubo cikin ruwa da ƙara. Yara suka yi sowa. Agwagin suka ɗan yi rawa, suka bazu kaɗan, suka tsaya. Shi ke nan. Suka zauna a kan ruwa suna kallonmu, mu ma muna kallonsu.

"Suna shiri ne," in ji Fintan ta lasifika. "Ƙwararren ɗan tsere ba ya ɓarnar ƙarfi a farko."

Aka jira. Wata tsohuwa ta tambaya da ƙarfi ko an fara ne. Sai iska ta ɗan taso daga ɓangaren kogi, ta tattara agwagin a hankali ta mayar da su jikin bangon da aka zubo su.

"Kyaftin!" Dessie ya ƙwalla kira daga benci, ƙugiyar na kan cinyarsa. "Jan naka da baya yake ja?"

"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne!" Fintan ya mayar, sai ka ji jama'a ta tafa masa, don mutanenmu suna son mai baki ko da ƙarya yake.

Orla ta zo kusa da shi, fuskarta ta fara sauyawa. "Mista Mulqueen, yaushe tekun za ta juya?"

"Ta makara ne, 'yata. Wata ne bai tsaya daidai ba. Kafin nan bari mu ɗan tayar da ruwan."

Ya umarci duk wanda ke wancan bangon ya cire hula ya yi fifita. Mutane suka yi, don abin dariya ne kuma kyauta ne. Ya sa 'yan badujala suka sunkuya suka juya ƙahoninsu wajen ruwa suka busa gaba ɗaya. Mai babban ƙahon ya busa har fuskarsa ta yi jawur, haƙoransa na roba suka faɗa cikin ƙahon. Agwagwa ɗaya ta juya ta ba su baya.

Na leƙo ta tagar mota na ce, "Fintan, tusa ba ta hura wuta."

Bai kula ni ba, don wata dabarar ta zo masa. Ya faɗo cikin motata ya sure jakar burodin da nake haɗa wa kifi, ya ce in tsuntsaye suka sauka cin burodi, fukafukansu za su kaɗa ruwan. Kafin in kama shi ya fita, yana gutsurawa yana watsawa tsakiyar agwagin.

Wanda ya zauna a bakin teku ya san fararen tsuntsayen nan namu, masu ƙwace kamar shirwa. Ba a gayyatarsu, balle a buga musu ganga. Suka sauko daga kan benaye garke guda, suka gama da burodin kafin ka ce kwabo, sannan suka ɗaga kai suka ga dubban mutane riƙe da abinci. Wayyo jama'a! Wani ya rasa kifinsa yana tsakar kai shi baki. Wata mata ta kare dankalinta da lema, lemar ta tafi. Baƙon da aka gayyato daga majalisar gari, mai sarƙa a wuya, ya samu saƙo fari a kafaɗar baƙar kwat ɗinsa, ya tsaya yana murmushin dole saboda masu ɗaukar hoto. Agwagin kuwa tsuntsayen sun watsa su hagu da dama, amma ko ɗaya ba ta matso wajen igiya ba.

Brid ta ratsa jama'a ta kama hannun mijinta. "Ka je ka ba Dessie haƙuri. Ka ce wasa kake. Zai zage ka, amma zai bar maka bajon."

"In ba shi haƙuri? Ɗan mai bajo?"

"To ɗan mai bajo, dubi agogon coci."

Ya duba. Hannunsa ya kai kan bajon ya dafe, kuma a karon farko na ga tsoro a fuskarsa. Na ɗauka zai sauko. Ina! Idonsa ya faɗa kan masu shara, ɗayansu ya jingina injin da ke hura iska ya kore busasshen ganye a jikin fitilar titi. Daga can kuma ga ƙananan kwale-kwalen haya, irin waɗanda ake tuƙawa da ƙafa kamar keke, masu siffar farar agwagwa mai dogon wuya.

"In ja bai zo ba," ya ce, "ni ne ja."

Orla ta sha gabansa a bakin kwale-kwalen, ta ce ba mai hawa ruwa sai da rigar ceto. Ya ce mai bajo ba ya sa rigar matsorata. Brid ta ce ko ya sa ko ta tura shi ruwan da kanta a huta. Ya sa. Irin mai iska ce, wadda ake hurawa ta kumbura. Da ya ga ta rufe masa ƙirji, sai ya zare bajon daga kwat ya soka allurarsa a gaban rigar, don kada jama'a su rasa abin kallo.

"Fintan," na ce, "ka huda ta."

"Ke komai sai kin sa baki?"

Ya tuƙa har bayan agwagin, ya miƙe tsaye, ya saita bakin injin, ya ja igiya. Injin ya ɗauka da ruri. Agwagi biyu-uku suka ɗan matsa gaba, shi kuwa kwale-kwalen ya yi baya da gudu ya daki bango, hular Kyaftin ta faɗa ruwa. Jama'a ta kece da dariya. Ya juya injin ɗaya gefen, kwale-kwalen ya fara juyi a wuri ɗaya, dogon wuyan yana zagayawa, Fintan yana zagayawa da shi.

"Wannan tsohuwar dabara ce!" yake ihu. "Haka muke juya manyan jirage!"

"Wane jirgi ka taɓa juyawa ban da kujerar gadi?" in ji Dessie, yana share hawaye.

Can dai ya gano cewa in ya juya bakin injin baya, kwale-kwalen zai yi gaba. Ya yi gaban kuwa, ya ratsa tsakiyar agwagin ya raba su biyu, ya bar su a baya, ya nufo igiya shi kaɗai yana ƙara gudu. Ya waiga yana yi musu tsawa su biyo shi. Bai ga tsohon turken ɗaure jirgi da ke leƙowa daga ruwa ba. Kwale-kwalen ya tsaya cak, Fintan bai tsaya ba.

Ya nutse, ya taso da ciyawar ruwa a ka, 'yan agwagin da kwale-kwalen ya turo suna kewaye da shi. Rigar ceton tana ta tsiii, tana saɓewa a hankali. A nan ne duk unguwa ta ji abin da Brid kaɗai ta sani.

"Bai iya ruwa ba!" ta ƙwalla. "Wayyo Allah, ko a baho sai na riƙe masa ƙofa!"

Dariya ta ɗauke. Kwale-kwalen masu ceto yana can ɗaya ƙarshen wajen masu sulu. Ban san lokacin da na zare dogon sandan rumfar motata ba, rumfar ta faɗo kan masu layi. Dessie ya riga ya iso. Ya fizge sandan, ya ɗaure ƙugiyar ubansa a kai da igiyar ƙyallen da nake ɗaurawa a gaba wajen suya, ya gangara matakala har ruwa ya kai masa gwiwa, ya miƙa ta ƙarƙashin igiyar tseren. Sau ɗaya ya sara, irin sarar da ake wa buhu, ƙugiyar ta kama gaban rigar. Ya ja yana zagi, zagi mai kyau, wanda ya haɗa da Fintan da hularsa da duk masu bajo tun daga kakanni. Ya jawo shi ta ƙarƙashin tutoci ya kifar da shi a kan matakala.

Fintan ya yi tari, ya amayar da rabin tashar. Ya zauna. Sai ga wata agwagwa rawaya ta zamo daga cikin kwat ɗinsa ta faɗo kan dutse. Ana cikin kallonta ƙararrawar coci ta fara bugawa.

Na rantse mutumin nan ko a bakin kabari ba zai rasa ta cewa ba. Ya sure agwagwar ya ɗaga sama, ruwa na zuba daga hammatarsa.

"Ta tsallake! Kafin ƙararrawa! Jama'a ku shaida!"

"Ta tsallake a ina?" Dessie ya daka tsawa. "Ni na jawo ta!"

"Mun ce agwagwa ta tsallake igiya. Mun ce wa zai kawo ta?"

"Ka ce akwai ja a ruwan nan!"

"To ba ga shi an ja ba?"

Jama'a ta rabu biyu, kowa na faɗin nasa. Aka nemi Orla ta yanke. Baiwar Allah, gashinta ya hargitse, ga kashin tsuntsu a kafaɗa, ta ce ita dai a dokar tseren agwagwar da ta fara wuce igiya ita ce ta ci, kuma ba ta ga wata ba. Ta ce don Allah kowa ya tafi gida.

Dessie ya tsaya cikin jiƙaƙƙen wando yana huci. "Ka ga abin da nake faɗa? Yau ma haka. Marar bajo ya yi dakon, mai bajo ya kwashi lada. Shekara da shekaru ina sauke kaya a tashar nan, ban taɓa sauke kaya mai surutu ba sai yau." Ya kwance ƙugiyar daga sandan ya jefa ta gaban Fintan, ta yi ƙara a kan dutse. "Ɗauka. Da na sani da na bar ka ka nemo jan naka a ƙasa."

Fintan ya miƙe yana tangaɗi, ƙugiya a hannu ɗaya, agwagwa a ɗayan. Ya hau matakala kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Mai sanarwa, wanda ya samu abin maganarsa ya dawo hannunsa, ya rugo ya kara masa a baki, ya ce ga gwarzon yau, ya yi wa jama'a jawabi.

"Jama'a," Fintan ya fara, muryarsa na fita ta kowace lasifika har saman benaye, "na gaya muku tun farko. Ruwan nan ba ya ba mai wannan kunya."

Ya kai hannu ya bugi ƙirjinsa inda bajon yake.

Babu komai a wurin sai yagaggiyar roba. Daidai inda ƙugiyar ta sara, ta tafi da gaban rigar faɗin tafin hannu. Ya shafa, ya sake shafawa. Ya buɗe rigar ya duba kwat, ya zazzage aljihu, ya sunkuya ya bi matakalar da ido ɗaya bayan ɗaya har inda ta shige cikin ruwan. Ruwan baƙi ƙirin, a kwance, ko motsi ba ya yi. A ƙarƙashinsa kuwa laka ce da ta haɗiye sarƙoƙin jirage ba ta mayar ba.

Ba wanda ya yi dariya. Dessie ya dubi bakin ƙugiyar, ya dubi ruwan, ya cire hularsa a hankali kamar ana wucewa da gawa. Ni da na shekara talatin ina addu'ar ganin ranar da bakin mutumin nan zai mutu, da ranar ta zo sai na ji tausayinsa ya kama ni. Brid ta cire rigar sanyinta ta yafa masa.

Mai sanarwa dai bai fahimci abin da ya faru ba. Ya ƙara matso da abin maganar, ya ce, "Ci gaba, Mista Mulqueen, jama'a na sauraro."

Jama'a ta saurara. Daga wannan bango zuwa wancan, abin da lasifikokin suka ɗauko kawai shi ne ƙarar haƙoran Fintan suna kaɗawa.